Tukunya a Kafaɗa

"Dakata, kar ka canza tasha!" Mama ta riƙe min hannu.

Tallar garin kunu ce kawai. Kun san halina, duk tallar da ta fito a talabijin sai na feɗe ta a shafin nan. Har na fara hango laifinta, don murmushin 'yar wasan na dole ne.

Mama kuwa, da ta zo min Garki daga ƙauyenmu Ushafa, ba shi take kallo ba.

"Dubi inda ta ɗora tukunyar," in ji ta. "A kafaɗa, irin namu na Gbagyi. Kullum a ka masu talla suke ɗora mana, kamar ba su taɓa ganinmu ba. Ni kaina in na shigo gari, a hannu nake riƙe kaya, kar a yi min dariya."

Wallahi ban taɓa sani ba.

Washegari a kasuwar Gudu, ta saɓa doyarta a kafaɗa, tana gaba ina biye.

Wanda ya shirya tallar nan, Allah ya saka masa da alheri. Yau ba ni da suka.

Ku fa, wace talla ce ta taɓa nuno ku yadda kuke?