Katangar da Muka Kwashe a Tifa

Babana bai taɓa sayen siminti ba. Katangar da ta kewaye gidanmu a bayan Lugbe da dutse zalla ya gina ta, ba laka ba yashi, nauyi ne kawai ke riƙe ta. Ni ce mai ɗauko masa duwatsun a kafaɗa, yadda matanmu ke ɗaukar kaya. Ƙa'idarsa ba ta da yawa: kowane dutse ya hau kan biyu, tsawonsa ya shiga ciki, a cike tsakiya da ƙanana. Yakan juya dutse sau uku, sau huɗu, har ya gano yadda yake son zama. Wanda ya yi motsi ko kaɗan sai ya cire shi. Ruwan damina ta tsakanin duwatsun yake wucewa, don haka bai taɓa kayar da ita ba.

Shekara biyu da rasuwarsa masu rusau suka zo suka shafa wa unguwarmu jan fenti, wai hanya za ta bi ta nan. Ɗakunan ban damu da su ba, bulo ne, ko'ina ana bugawa. Katangar ce ta hana ni sukuni. Ita kaɗai ta rage da hannun Baba ya taɓa kowane ɓangarenta, kuma na san katafila za ta tura ta cikin kwari a bi ta kai da jar ƙasa.

Maƙwabta na ciccire ƙofofi da kwano, ni kuwa na hau kwance katanga. Daga sama na fara, layi-layi, manya gefe guda, ƙanana a buhu. Yayana ya ce na zautu, dutse ai ba gado ba ne. Direban tifar da na ɗauko haya ma sai da ya sa baki:

"Madam, wannan kaya akwai shi ko'ina a Abuja fa."

Na ce masa lodi aka ce ya yi, ba shawara ba. Sawu uku ya yi. Ranar da katafilar ta iso na tsaya ina kallo, ta rushe ginin kowa ya koma ɓaraguzai, a wajenmu kuwa ba ta sami katangar turewa ba. Wallahi na ji daɗi, kuma ba na jin kunyar faɗa.

A sabon filin da muka samu wajen Zuba ne na raina kaina. Ɗauka na iya, ban taɓa ɗorawa ba. Sau biyu kusurwa tana zubewa, sau ɗaya ta fasa mini farce. Na zauna a kan tulin duwatsu na yi kuka, na yi wa Baba faɗa a zuci da bai taɓa barina na gwada ba. Sannan na tashi na sake. Rani guda katangar ta ci. Ta fito gajeriya, ta ɗan karkace ta gabas, amma na hau kanta na yi tafiya ba abin da ya motsa.

Yayana ya zo gani, ya kawo siminti buhu biyu a bayan mota, wai a shafe ta ta yi kyan gani, ta kuma dawwama. Na ce ya mayar da abinsa. Duk abin da aka liƙe da siminti sai dai a fasa, ba a kwancewa.

"To idan suka zo nan ma?" in ji shi.

"Yaya, ai ina da lambar mai tifa."