Bencin Masu Tari

Mun daɗe muna aiki tare da Sista Ba-Wasa a ƙaramin asibitin unguwarmu, ni ina ɗakin haihuwa, ita tana duba marasa lafiya. Sunan ya bi jiki. Ko likita ne ya zo taɓa majinyaci bai wanke hannu ba, sai ta miƙa masa sabulu a gaban kowa, fuskar nan a murtuke. Ni da ita kamar harshe da haƙori muke, kullum sai mun saɓa, amma ban taɓa ganin mai tausayi irin nata ba. Ba ya dai fitowa ta baki ne.

Ɗakin jiranmu ɗaya ne, tagoginsa kullum a rufe saboda ƙarar injin niƙan maƙwabta. A nan ake cusa mai ciki da mai goyo da mai tari, kowa na shaƙar numfashin kowa. Bara aka tura Sista horo, ta dawo da darasi biyu. Na farko, mai tari a zaunar da shi inda iska ke ratsawa, a duba shi da wuri don kada ya shafa wa wasu. Na biyu, a riƙe talaka da mai hali riƙo ɗaya. Na farkon ta karɓa hannu bibbiyu. Na biyun kuwa ta taɓe baki ta ce, "Wannan ai kowa ya sani."

Washegari ta sa aka ɓalle tagogin, aka fitar da benci baranda, ta umarci mai yankar kati ya riƙa tura duk mai tari can. Barandar tana kallon titi. Mai yankar kati kuma, bawan Allah, ba mugu ba ne, kunya ce ta yi masa yawa. In mai mota ya shigo yana tari kamar zai amayar da huhu, sai ya kasa haɗa ido da shi, ya nuna masa kujera a ciki. In mai silifas ne, sai benci. Kafin wata ya ƙare, duk unguwa ta san cewa wanda aka gani a bencin nan tarin fuka gare shi.

Ana haka matar Baba mai wanki ta lallaɓo shi. Shi ke wanki da guga ga rabin unguwa, ya daɗe yana tari, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yana zaune a benci wata mai ba shi wanki ta wuce, ta dube shi, ta ja mayafi ta rufe hanci. Kafin a kira shi ya sulale. Cikin kwanaki kowa ya aiko a karɓe masa kaya, har da waɗanda ba su bushe ba.

Sista ta hau mai yankar kati da faɗa kamar za ta cinye shi ɗanye. Ni kuwa raina ya ɓaci, na kasa yin shiru.

"Yaya, shi ya ɗora bencin a bakin titi? Ke kika baje mutane kamar kayan talla."

Ta harare ni. Na ɗauka yau akwai ta. Amma sai ta kama bencin da kanta, na kama mata, muka kai shi bayan asibiti ƙarƙashin inuwa. Daga ranar ita ke tsayawa a ƙofa tana tambayar kowa ko yana tari, mai mota ma bayan asibitin yake zagayawa, ya yi ta cika yana batsewa.

Da muka tashi aiki na raka ta gidan Baba. Igiyoyin shanya duk wayam, dutsen guga a kife.

"Baba, ni na yi maka laifi," in ji ta. "Ka yafe mini, ka zo a gwada majinarka."

"'Yata, tari a hankali yake kisa. Yunwa ba ta jira."

"In ka zauna haka, yaran da kake tsoron yunwarsu su za ka fara shafa wa."

Wannan maganar ce ta kawo shi. Gwaji ya nuna tarin fukan ne, aka duba iyalinsa, aka ɗora shi kan magani na watanni. Ya fara murmurewa, tarin ya lafa, amma ko tsumma babu mai kawo masa. Sai matarsa ta zo ta raɗa mini cewa ya fara ɗaure kaya zai koma ƙauye wajen ƙaninsa, inda babu asibiti. Na san kuwa mai yanke wannan magani a tsakiya ciwon kan dawo masa da taurin kai.

Na gaya wa Sista. Ita kuwa tun da na san ta, ba ta taɓa yarda wani ya wanke mata fararen kayan aikinta ba, ko 'yar cikinta. Ranar da rana tsaka ta tattaro su duka ta ƙulle, ta ɗora a kai, ta bi ta tsakiyar titi, ina biye da ita. Masu shaguna suka miƙe suna kallo. A ƙofar gidan Baba ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi ma zai ji.

"Baba mai wanki! Ga kayana. Wannan ciwo ba ya bin tufafi, mai shan magani yadda ya kamata kuma ba abin gudu ba ne. Jibi zan sa su in duba jarirai."

Baba ya fito ya karɓi ƙullin. Ya daɗe yana kallonsa, ni dai hawaye sun riga sun zubo mini. Can ya juya ya ce wa matarsa ta kwance kayan tafiya ta hura gawayi. Sannan ya share ido da gefen hannu.

"Sista, da sitaci ko babu?"

"Da sitaci. Kuma gobe da safe in gan ka wajen karɓar magani."