Sunan Da Na Zaɓa Ya Fi Ƙarfin Bakina

Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Yankara, a ƙasar Faskari. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da uku, na gama kwalejin horon malamai, ina jin duk garinmu babu wayayya kamata. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, sunana. Ni ce mace ta farko bayan maza uku, don haka tun ina zanin goyo ake ce mini Kande, da shi aka rubuta ni a firamare, ya bi ni har takardun kwaleji. Sunana na yanka kuwa na kakata ne, ba a faɗinsa a gida, ni ma bai taɓa burge ni ba. A kwaleji duk sanda malami ya kira Kande sai 'yan birni su hau ƙunshe dariya, ni kuma in ji kamar in nutse.

Ana saura wata uku bikina da wani malamin makaranta ɗan Ƙanƙara, na ƙudurta ba zan shiga gidan miji da Kande ba. Na zaɓi wani suna mai daɗin faɗi, na je kotu na yi takardar rantsuwa, aka buga sanarwa a jarida, na yi ta sintiri a kan babur tsakanin ƙauyenmu da Funtuwa har aka gyara mini katin ɗan ƙasa da na banki. Ban gaya wa kowa ba, har shi angon, wai so nake in ba shi mamaki. Na kuwa ba shi. Sati ɗaya da tarewa na jera masa takardun kusa da kofin shayinsa, ina wani yanga. Ya karanta, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Da ƙyar ya iya gaya mini cewa sunan da na ɗauko sunan mahaifiyarsa ne na yanka.

Kowa Hajiya yake ce mata, ban taɓa tunanin in tambaya ba. A gidan nan daga 'ya'ya har jikoki babu mai furta wannan suna, ko yarinyar maƙwabta da ke da shi Mai Sunan Hajiya ake ce mata. Ni kuwa suruka, ai ko da wasa bakina ba zai iya ba. Ga shi na sha wahala na yi suna, mijina ba zai kira ni da shi ba, ni ma ba zan faɗa ba. Babban tsorona kada Hajiya ta ji ta ɗauka raini ne, amarya daga zuwa ta haɗa kafaɗa da uwar miji. Muka ɓoye takardun a ƙasan akwati, na ci gaba da amsa Kande ina haɗiye takaici.

Asiri ya tonu ranar da na fara zuwa awon ciki. Hajiya ta ce ita za ta raka ni, na yi ta kawo dalilai ta ƙi ji. Na miƙa katina a ɓoye, muka zauna a benci cikin mata fal. Can sai ma'aikaciyar jinya ta ɗaga murya ta kira sunan. Na yi kamar ban ji ba. Ta sake kira, sai kawai Hajiya ta amsa ta miƙe tsaye, tsohuwa mai jikoki goma sha a layin masu ciki. Mata suka kwashe da dariya, wata har tana yi mata addu'ar sauka lafiya. Ma'aikaciyar ta juyo ta tambaye ni sunana, na buɗe baki na kasa, sai hawaye. A nan na faɗa wa Hajiya komai, kaina a ƙasa, ina jiran faɗa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta kalle ni, sannan ta yi dariya tana goge ido da gefen mayafi. Ta ce rabon da wani ya kira ta da sunan nan tun rasuwar mahaifinta, har ta fara mantawa nata ne, shi ya sa da ta ji shi ƙafafunta suka tashi ba ta sani ba. Daga ranar ta koma ce mini Takwara, gida duka suka ɗauka.

Na yi nadamar gaggawar da na yi da ɓoye-ɓoyen da bai amfane ni ba. 'Yan'uwana mata, in za ku sauya suna ku yi shawara da manya, ku kuma binciki sunayen gidan da za ku shiga, don ba kowace suruka ce za ta ɗauki abin da sauƙi ba. Ni dai Allah ya rufa mini asiri. Yanzu 'ya'yana uku, kuma ko ciwon kai na ce ina yi, Hajiya ta riga ni ɗaukar mayafi mu tafi asibiti. Ta kan zauna kusa da teburin masu kira, ta ce in ba su katin da wuri, kuma kada in yi saurin amsawa, in bari su kira sau biyu.