Ranar da na ɗauki shirun Kawu na awa biyu

Shekaru kaɗan da suka wuce, lokacin ina da shagon gyaran rediyo a Lamorde, abokina mai sayen tsofaffin ƙarafa ya kawo mini wata tsohuwar amfilifayar makirufo, irin mai kwalabe a ciki, waɗanda ke yin ja idan sun ɗau zafi. Da na jona ta sai na ji murya mai daɗi, amma tana da aibi biyu. Tana ƙugi kamar injin niƙa, kuma ƙarfin ɗaukarta ya yi yawa. In ka yi tari a gabanta sai lasifika ta nemi tsagewa.

A daidai wannan lokaci mahaifiyata ta matsa mini in ɗauki muryar yayanta, Kawu, wanda ke zaune a Sorau. Shi kaɗai ya rage da ya san tarihin gidanmu, ga shi ƙarfinsa ya fara raguwa. Na ce mata ba da waya zan ɗauke shi ba, da na'ura ta musamman.

Kwana biyar na yi a kan amfilifayar. Na canza kafasitocin da suka kumbura, ƙugin ya ragu. Na sauya kwalba ɗaya da wadda ba ta kai ta ƙarfi ba. Daga ƙarshe na liƙa rasista a bakin shigar murya don in ƙara rage ƙarfin. Zoben launin da ke nuna ƙarfinta ya koɗe, mitar da nake awo da ita kuma tana gefena, amma na ce ai idona ya ishe ni. Na sa abin ji a kunne, na ji tsit. Har sai da na kira maƙwabcina tela ya zo ya saurari shirun. Ban tuna in yi magana a makirufon ba.

Kawu ya iso ranar Asabar da hantsi tare da matarsa, wadda muke kira Inna. Ya ce ta jira a waje, zancen maza ne. Ya zauna ya gyara rawani, ya fara tun daga kakan kakansa, rabi da Hausa rabi da Fillanci. Ni kuwa na cire abin jin don ladabi, na naɗe hannu ina gyaɗa kai. Ya faɗi rijiyoyin da suka haƙa, da shanun da suka rasa, da yadda ya kori wata kura da sanda a bakin mayo, wato kogi. Awa biyu cur.

Da ya gama ya ce in kunna ya ji. Na kunna. Babu komai sai wani ɗan zuzu can ƙasa, kamar sauro a cikin tulu. Rasistar da na liƙa ta shanye muryar gaba ɗaya.

Kawu ya kasa kunne ya daɗe, sannan ya dube ni.

"Ɗana, wannan abu naka kurma ne, ko kai ne?"

Na ce ni ne. Ina gumi na auna wata rasistar da mita, na liƙa, na gwada da bakina sau uku. Kawu ya ce zai maimaita, amma sai an kawo shayi. Inna ta ce rana ta dame ta, ta shigo ta zauna a bayansa.

A zagaye na biyu kurar ta zama uku. Sandar ma ta karye tun farkon faɗan, sai da hannu ya ƙarasa. Inna ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Kare ne fa. Karen maƙwabta." Kawu bai ji ba, amma amfilifayar da na gyara ta ji sarai, babu ƙugin da zai rufe ta.

Kawu ya rasu bayan damina biyu. Tun ranar ɗaukar nan ban sake liƙa komai ban auna ba. Muryar kuwa tana wayar kowa a dangi, kuma na sha cewa zan iya yanke maganar Inna. Mahaifiyata ta hana. Ta ce duk cikin tarihin nan, wurin ne kaɗai take da tabbacin gaskiyarsa, kuma wurin ne take maimaitawa idan kewar yayanta ta taso.