Kwalayen Gem a Shagon Kawu

Ban taɓa iya buga gem ba. Har yau idan aka miƙo mini abin dannawar nan, yatsuna sai su rikice, ɗan mutumin da ke cikin talabijin ya yi ta karo da bango. Amma kwalayensu na san su, tun daga na farko har na yanzu, domin a gabansu na girma.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne mai shagon. Da can a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan yake aiki. Da jirage suka rage zuwa, sai ya kama ɗaki ɗaya a hanyar da ke gangarawa kasuwa, ya sa talabijin biyu da benci, samari suna zuwa suna buga wasa. Mama ta hana ni zama a kan bencin. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu, ta ce ba za a ga 'yarta a cikin maza ana ihun ƙwallo ba. Amma ba ta hana ni kai wa ƙanenta abincin rana ba. Kullum idan an tashi daga makaranta nakan ɗauki kwanon gwate ko tuwon acca in kai masa, in tsaya a bayan kanta har ya gama ci.

A bayan kantar nan akwai katako uku da ya kafa a bango, a kansu yake jera kwalaye. Na farkon da na sani kwali ne na gaske, na takarda, faffaɗa, da hoto mai walƙiya a gaba. A ciki ake samun kaset, wani ruwan ɗorawa, wani ruwan toka, wanda ake hurawa da baki kafin a cusa shi a na'ura. Daminar garinmu ba ta barin takarda ta zauna lafiya, kusurwoyinsu duk sun yi laushi. A gefensu akwai wasu baƙaƙe na roba, masu kauri, girmansu kamar littafin waƙoƙin coci, idan ka rufe su sai su ce ƙas. Kawu bai bambanta ba, duk kwali yake ce musu, na takarda da na roba, mu ma muka ɗauka.

Tunda ba na ganin wasan sai ta gefen ido, daga hoton kwali nake ƙirƙirar labarinsa. Akwai wani mai jar mota a kan hanyar da ta bi bakin teku, da itatuwan kwakwa sun sunkuya. Ban taɓa ganin teku ba a lokacin. Ranar da aka ɗauke wuta ana ruwan sama, samarin suka watse, nakan zauna a kan jarka in riƙe wannan kwalin, ƙarar ruwa a kan kwanon rufi ta zama ƙarar tekun, in yi ta tafiya a cikin jar motar nan har in wuce dutsen Kagoro, in gangara inda ƙasa ta ƙare. Kawu ba ya tashe ni. Yana gyangyaɗi a kujerarsa, ni ina bakin teku.

Da zamanin faifai ya zo, kwalayen suka ƙanƙance, suka zama masu kusurwa huɗu daidai, garai-garai kamar gilashi, da wuya su fi tafin hannun babba. Ba su da ƙwari. Sau ɗaya za su faɗi, murfin ya rabu da jikinsa. Yawancin faifan da ake bugawa a shagon a cikin leda suke zuwa, babu gida. Masu gidansu na asali sai a kayan tokumbo, tsofaffin da ake shigowa da su daga waje, ake samu, kuma Kawu yakan sayi gidajen ko da babu komai a ciki. Mama ta taɓa tambayarsa amfanin kwalin da babu faifai.

Ya ce, "Yaya, ke ma ai kina ajiye gwangwanin madarar da ta ƙare."

Ta ce, "Ni gishiri nake zubawa a ciki."

Ya ci gaba da goge su da tsumma.

Ina sakandare dogayen kwalaye suka shigo. Sai da ya kira kafinta ya ɗaga katakon tsakiya, domin sun fi wurin tsawo. Wasu baƙi, wasu shuɗi mai duhu, alhali na'ura ɗaya ke cinsu. Ya gaya mini baƙaƙen daga wata ƙasa suke fitowa, shuɗayen daga wata. Akwai kuma koraye guda biyar ko shida na wata na'urar dabam da bai taɓa mallaka ba, kore irin na ganyen citta sabon tsiro. Idan rana ta karkata ta shigo ta taga, su take fara samu, bangon bayansu ya ɗauki koren.

Daga nan na tafi kwalejin horon malamai, na kama koyarwa a Kagarko, na yi aure. Sai Kirsimeti ko dogon hutu nake zuwa gida, kuma duk zuwa sai na tarar katakon ya sake kama. Wata shekara na ga wasu sun ɗan fi dogayen gajarta, garai-garai. Wata shekara farare tas. Can kuma shuɗi mai haske wanda kana iya ganin yatsanka ta cikinsa. Katako uku ya zama shida. Kawu da tsawo yake jera su, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ya ce kowane zamani da tsayinsa.

Mama ce ta kira ni a waya ta ce idon Kawu ya yi yana, duka biyun, kuma ya daɗe yana ɓoyewa. 'Yarsa ta fari ce ke kula da shagon, shi yana zuwa ne kawai ya zauna. An ce a yi masa aiki, ya ƙi. Da aka ba mu hutu na taho.

Na same shi da hantsi a bayan kanta, fuskarsa na kallon ƙofa. Sai da na yi magana ya gane ni.

"'Yata, ke ce? Zo ki zauna. Kin zo ki yi mini wa'azin asibiti ko?"

Na ce, "A'a, Kawu, gaisuwa na zo."

"To miƙo mini kwali ɗaya, kowanne, kada ki gaya mini."

Na ɗauko ɗaya daga tsakiya na sa masa a hannu. Ya auna tsawonsa da yatsu, ya shafa gefen, ya buɗe ya rufe kusa da kunnensa.

"Dogo ne, na zamanin da kike sakandare. Baƙi ne ko shuɗi?"

"Shuɗi."

"Na so in ce haka."

Muka yi ta yi har rana ta take. Ni in miƙa, shi ya faɗi zamaninsa, ni in faɗi launin. Tsawo bai kuskure ko sau ɗaya ba. Da muka zo kan tsofaffin na takarda, ya riƙe mai jar motar nan, ya tambaye ni ko hoton yana nan da kyansa. Na duba. Na ce yana nan.

A can sama akwai wasu 'yan ƙanana, sirara, waɗanda ban taɓa gani ba. Na buɗe ɗaya, duk faɗin cikin babu komai sai wani ɗan kaset kamar farcen babban yatsa a kusurwa. Na miƙa masa. Wannan karon ya daɗe yana juya shi.

Ya ce, "Waɗannan bayan idona ya rufe suka zo. Ina sayar da su, ban taɓa ganinsu ba. An ce akwai ja a jikinsu. Wane irin ja?"

Na ce, "Kamar attarugun da ya nuna."

"Attarugu kala-kala ne."

"To kamar ɗankwalin mawaƙan coci na ranar Ista."

"Wancan ai ya ja zuwa ruwan goro."

Na gwada manja, ya ce ya yi duhu. Na gwada ƙasar hanyar gonarmu bayan ruwa, ya girgiza kai. Na rasa abin da zan kwatanta da shi. Ya shafa kwalin da babban yatsa.

"A kaina na ba shi wani ja nawa," in ji shi. "Kullum da shi nake ganinsa. Yanzu kin zo kin rikita mini."

Na ba shi haƙuri. Ya ce babu laifi. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Abin da nake tsoro, idan likitoci suka taɓa idon, ɗan hasken da ya rage ya tafi fa? Yanzu ko ba komai ina sanin safe da yamma."

Na ce ban san amsar ba, amma idan zai je, da ni za a je, kuma ido ɗaya za a fara yi.

Bayan kwana uku, an fito daga sujada, ya riƙe hannuna a ƙofar coci ya ce in nemi mota.

Kaduna muka tafi, wani asibitin ido. A hanya shi yake gaya mini inda muke ta jin yadda motar ke tafiya da hayaniyar masu talla, da muka iso Kujama ya ce a saya masa gasasshiyar masara. Aikin bai daɗe ba. Washegari aka cire auduga daga idon dama. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ce ashe na yi furfura a gaban goshi ba wanda ya gaya masa.

Da muka dawo Kafanchan bai yarda a wuce da shi gida ba, sai shago. Ya tsaya a gaban katakon da baƙin tabarau, ya ɗaga shi kaɗan. Ƙaramin nan ya fara ɗaukowa. Ya kai shi bakin ƙofa, ya daɗe yana kallo.

"Ba attarugu ba ne," ya ce. "Nawa ma ba shi ba ne. Wannan ya fi su duka tsabta."

Sannan ya sunkuya ya jawo na takardar. Na tsaya ina kallonsa. Jar motar ta koɗe ta zama ruwan hoda, tekun ya yi fari-fari, gara ta ci gefe ɗaya har cikin itatuwan kwakwar. Ranar da ya tambaye ni, na ga duk wannan, amma da na buɗe baki, wanda na sani tun ina yarinya shi na faɗa.

Ya ce, "Kin ce yana nan."

Na ce, "Haka na gan shi, Kawu."

Ya dube ni da idon nan ɗaya, ya yi 'yar dariya, ya ce shi ma da haka yake ganinsa, da bai je Kaduna ba da har yanzu motar tana nan ja. Na tambaye shi ko ya yi da-na-sani. Ya ce a'a, in miƙo masa tsumma.

Yanzu sababbin wasanni da yawa ba sa zuwa da kwali, 'yarsa ta intanet take saukar da su kai tsaye cikin na'ura, katakon ya daina ƙaruwa. Kawu ya sa kafinta ya mayar da na takardar bangon da rana ba ta kaiwa, ya sa musu gilashi. Idon hagu ya ce sai an gama haƙar citta za a yi, don yana so ya je gona ya ga ta bana da kansa. Na ce masa ya gaya mini ranar da wuri, in nemi izini a makaranta.