Katin da Ya Kwana a Sama

Ni ne mai rubuta sunayen yara a takardar shaidar kammala firamare a makarantarmu, tun tana 'yan azuzuwa a wani gidan haya a Fagge har ta yi bene. Ba muƙami ba ne, babu wanda ya taɓa ba ni shi a rubuce. Amma duk shekara in damina ta zauna, Hajiya mai makarantar za ta aiko a kira ni, ta miƙo mini ƙunshin katunan da aka bugo ta ce, "Malam, ga amanarka." Masu buga takardu sukan buga komai, su bar layi ɗaya fili domin sunan yaro. Wannan layin nawa ne. Akwai gidaje a Fagge da Kwaciri da in ka shiga falonsu za ka tarar da hannuna rataye cikin gilashi, kuma ba zan ɓoye ba, in na je barka ko gaisuwa sai na saci kallon bango.

Kakana daga Barno ya zo, mu kuwa Barebari ko ba mu da komai muna da taƙama da rubutu. Ni ban gaji alƙalamin kara ba, na boko na kama, mai shan tawada. Uku gare ni: mai siririn baki, matsakaici, da wani mai faɗin baki da ke zubo tawada kamar ba ya son ta. Tawada kuwa ɗaya ce tal, shuɗi-baƙi, wadda nake saye a shagon wani dattijo Ibo a Sabon Gari. Abin da ya sa nake son ta shi ne ba ta nuna kanta gaba ɗaya ranar farko. Tana sauka shuɗiya, ta kwana biyu ta yi duhu, kafin mako ta koma kusan baƙa, daga nan ko ruwa ya zuba a kai sunan yana nan.

Sai dai tana da zaɓen takarda, na kuma san halinta kamar yadda na san na iyalina. A littafin rubutun yara mai arha naso take yi, kowane harafi ya fito da gashi, ta ɓullo ta baya. A rajistar makaranta mai kauri zama take yi daram, gefenta tas. A ambulan mai ruwan ƙasa sai ta dushe, ta yi kalar toka. In da siririn baki na rubuta takan yi fari-fari, in da mai faɗi ne ta yi duhu mai kyau amma ta daɗe a jiƙe. Saboda haka ban taɓa ɗora alƙalami a kan takardar da ban sani ba sai na gwada a gefe.

Shekarar da nake ba da labari aka ɗauki wata sabuwar malama, 'yar Sabon Gari, haihuwar Kano, Hausa a bakinta kamar ta Fagge. Aji huɗu aka ba ta. Yarinya ce mai ladabi, ba ta wuce ni ba ta rusuna ba, Baba Malam take ce mini. Ban ga laifinta ba sai ranar da aka raba sakamakon zango na biyu, na ji wani mahaifi a bakin ƙofa yana tambaya ko da na'ura aka buga na ɗansa. Na karɓa na duba. Da biro ta rubuta, biron nan na kowa da kowa, amma haruffan a tsaye suke, kowanne da numfashinsa, manyan baƙaƙen suna da wata 'yar lanƙwasa da na shekara ashirin ina nema ban samu ba. Na miƙa masa takardarsa na ce ba laifi. A ranar ko abincin rana ban ji daɗinsa ba.

Daga nan na shiga nema mata aibi. Na ce a raina rubutun ado ne, ba shi da nauyi. Na ce ai biro ne ke taimakon ta. In ta bar rajistar ajinta a ofishin malamai sai in buɗe kamar ina neman wani suna, in tsaya ina kallo. Namiji da furfura a gemu, yana hassadar sa'ar 'yar cikinsa a kan lanƙwasar harafi. Na sani sarai abin kunya ne, sanin bai hana ni komai ba.

Da lokacin yaye ɗalibai ya matso, Hajiya ta canza wurin buga katuna. Sabbin suka zo masu sheƙi, masu santsi, da zanen ruwan gwal a gefe, tare da guda ɗaya na samfur. Kamar kullum na ɗauki samfurin na tafi da shi gida. Da hantsi na ja layi uku a kai, kowane alƙalami ɗaya. Tawadar ba ta shiga ba, a sama ta zauna tana ƙyalli. Bayan azahar na taɓa na siririn bakin, ya ɗan bushe. Na mai faɗin kuwa har bayan la'asar da na goga babban yatsa sai ya biyo ni. Washegari ma bai gama kamawa ba, ga damina, iska duk laima. Na gane katin nan sai da siririn baki, a kuma baza shi ɗaiɗai ya kwana biyu yana shan iska, kada wani ya hau kan wani.

Da wannan bayani a bakina na shiga ofishin Hajiya ranar Alhamis. Na tarar da malamar a zaune, ƙunshin katunan a kan cinyarta.

Hajiya ta ce, "Yawwa Malam, gara da ka zo. Bana dai mun hutar da kai. Idonka ma ya huta. Malama za ta rubuta, ka ga hannunta ai."

Na ce, "Na gani, Hajiya. Allah ya taimaka."

Samfurin yana aljihun rigata, hannuna a kansa. Na bar shi inda yake. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ni kuwa ranar abin da na ajiye a nawa mugunta ce.

Da aka tashi ta biyo ni har bakin adaidaita sahu. Ta ce, "Baba Malam, don Allah ka taimake ni. Ban son in sa biro a katin nan, zai rage masa daraja. Wace tawada kake amfani da ita? In je kasuwa in nema."

Na ce, "Haba 'yata, ga ni kuma ki je kasuwa? Gobe zan kawo miki tawa."

Na kawo mata kwalbar. Na kuma haɗa mata da alƙalami, kuma a cikin ukun nan na tsaya na zaɓa, ban ɗauko da ka ba. Mai faɗin bakin na ba ta. Ta karɓa hannu biyu, ta juya shi tana murna, ta ce, "Ba ta da wata matsala ko, Baba?"

Na ce, "Shekara da shekaru nake rubutu da ita, ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Ban yi ƙarya ba. Na daɗe ina lallashin kaina da wannan.

Ranar Juma'a da safe ta zauna a teburin da ke jikin taga a ofishin malamai, ni ina ɗaya gefen ina duba jarrabawar yara. Ko in ce ina riƙe da jan biro, don idona yana wurinta. Alƙalamina ne, tawadata ce, amma a hannunta sai suka zama wasu daban. Mai faɗin bakin nan da ni yake yi wa gardama, ita sai ya bi ta, ya yi kauri inda take so, ya sirance inda take so. Ta rubuta na farko, ta ɗaga ta hura masa iska sau biyu, ta ajiye. Ta rubuta na biyu, ta hura, ta ɗora a kan na farkon. Kalma ɗaya ce tsakanina da ita, kuma tazararmu ba ta fi taku huɗu ba. Na sunkuyar da kai na ba wani yaro maki a lissafin da ban karanta ba.

Kafin a tafi masallaci ta gama. Ta daidaita gefen katunan da tafin hannu, ta danna su ta gefe-gefe don su zauna, ta sa a kabad ta kulle. Ta wanke alƙalamin ta dawo mini da shi da godiya.

Ranar Litinin Hajiya ta sa aka ɗauko don ta sa hannu. Katunan sun manne da juna. Duk wanda aka ɓamɓaro sai ka ga sunan ya caɓe, rabinsa ya koma bayan na samansa a juye, ga shi tawadar ta riga ta yi duhu, babu batun gogewa. Guda ɗaya ne ya tsira, wanda ya kwana a sama, don babu abin da ya hau fuskarsa. Biki kuma ranar Asabar. Hajiya mace ce mai haƙuri, amma ranar ta yi faɗa har na azuzuwan ƙasa suka ji. Malamar ta tsaya hannunta a baya, ba ta ce ga wanda ya ba ta tawadar ba, ba ta ko dubi inda nake ba. "Laifina ne, Hajiya," kawai take maimaitawa.

Hajiya ta juyo gare ni ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Za a sake bugowa, ka karɓi aikinka."

Zan faɗi gaskiya tunda na fara: daɗi na ji. Na ce ba komai, ai kuskure na kowa ne, har da ba wa malamar baki.

Ranar Laraba sabbin katunan suka iso, ban da na ɗalibar da nata ya tsira, don Hajiya ta ce ba za a yi asarar mai kyau ba. Na sa aka buɗe mini ajin da babu kowa, na goge bencinan ajin, na kunna fanka, na fito da mai siririn baki. Ina cikin jera bencinan sai ga malamar ta shigo, ta ce ta zo ta taya ni ko da miƙo kati ne. Na rubuta na farko, na ba ta na ce ta shimfiɗa shi can shi kaɗai, kada komai ya taɓa shi sai jibi. Ta kai ta ajiye. Na rubuta na biyu, na uku. Tana karɓa tana jerawa. Wajen na goma ta tsaya da katin a hannu, ta dubi alƙalamin da ke hannuna, ta dubi bencinan.

Ta ce, "Baba Malam, ba ka ko gwada ba."

Na ce, "Me?"

"Katin. Ba ka gwada shi ba. Ka shigo ka san sai jibi. Kuma ba wannan alƙalamin ka ba ni ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba, a hankali, kamar mai karanta amsar da ta fito mata a allo. Na sunkuya na ci gaba da rubutu. Ta jira kaɗan, sannan ta kai katin ta shimfiɗa a wurinsa, ta dawo ta miƙo hannu a ba ta na gaba. Haka muka ƙarasa aikin. Har yau ba ta gaya wa Hajiya ba, ba ta kuma daina gaishe ni ba, sai dai daga ranar na koma Malam, Baban ya faɗi.

Ranar Asabar aka yi biki a filin makaranta ƙarƙashin rumfa. Katunana sun bushe tas, babu wanda ya caɓe, sai dai siririn baki a kan kati mai santsi ba ya ba da duhu, sunayen suka fito fari-fari, tsaf amma ba ƙarfi. Aka yi ta kiran yara suna karɓa. Ina gefe a tsaye na ga kati ɗaya ya bar hannun mai shi yana yawo a layin iyaye mata, daga wannan zuwa waccan, kowace ta karɓa sai ta kai shi kusa da fuska. Tun daga nesa na san ko wanne ne. Kwana takwas tawadar ta yi a kansa, ta yi baƙi sosai.

Da aka tashi wata mata ta nufo ni, katin ɗanta a hannu ɗaya, wancan a ɗaya hannun, ta aro shi. Na san ta, ni na rubuta wa 'ya'yanta uku na baya.

Ta ce, "Malam, sannu da aiki. Don Allah alfarma nake nema. An ce kai ne mai rubutun. Wannan da ka yi wa 'yar maƙwabciyata, irinsa nake so a yi wa nawa, ko nawa ne sabon katin zan saya. Wannan na ɗana kuwa kamar yaranka ka ba su suka taya ka."

Na dubi katunan biyu. Malamar tana can bakin rumfa tana tattara kujeru, ta juya mana baya.

Na ce wa matar, "Hajiya, na ɗanki ne nawa. Mai wancan ga ta can."