Ubaidu da Tagogin Ɗakin Haihuwar Fassi

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 11 ga Shawwal 1446, daidai da 9 ga Afrilu 2025, jim kaɗan bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran Injiniya Ubaidullahi Halliru Fassi a wani asibiti a Kano, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Labarin ya same ni a wurin aiki, ina tsakiyar karɓar haihuwa. Na ga wayata tana haske a kan tebur, na ga sunan matarsa Mufida, na kuma san abin da za ta faɗa. Ban ɗauka ba sai da na yanke cibiya na miƙa jaririn ga kakarsa. Aikin ungozoma ba ya jiran kuka. An kawo shi gida Fassi, aka kai shi makwancinsa gab da Magariba.

Ubaidu, ni ce Saude, taubashiyarka. Mahaifiyarka Hajiya Ramlatu ƙanwar mahaifina ce, don haka tun muna yara ba mu taɓa yin gaisuwar hankali ba. Ka ce min baiwarka, in ce maka bawana, duk da na girme ka nesa ba kusa ba, har goyonka na yi. Yau ga ni zan yi maka magana babu tsokana, kuma bakina bai saba ba. Na gaji, Ubaidu. Na gaji da zaman makoki, na gaji da hanyar Kano, na gaji da zafin bana. Amma akwai abin da ya kamata a sani game da kai, in ban faɗa ba ban ga mai faɗa ba.

Aikinka ya daɗe yana ɗaure min kai. Injiniyan da na sani shi ne mai hular kwano da igiyar awo, kai kuwa kullum kana duƙe a gaban kwamfuta. Wata rana ka zaunar da ni ka yi min bayani. Ka ce akwai manhajar da ake zana gini a cikinta tun ba a haƙa tushe ba, a faɗa mata kaurin bango da irin rufi da inda kowace taga take kallo, sai ta bi ginin da rana da iskar shekara guda, ta faɗi zafin da za a ji a kowane ɗaki da wutar da fanka za ta ci. Na ce ashe duk karatun nan bugun ƙasa ka koyo, sai dai taka ƙasar a bayan gilashi take. Ka yi dariya har da tari, ka ce baiwa ba ta gane aikin ubangidanta.

Da ƙungiyar ci gaban garinmu ta tashi gina ɗakin haihuwa, don matan Fassi da rugagen da ke kewaye su huta da tafiya Kibiya ko Rano cikin naƙuda, kai ka yi zanen, ba ka karɓi ko sisi ba. Ka sa manyan tagogi suna kallon juna, ka ce iska za ta shiga nan ta fita can. Ka nuna wa dattawan ƙungiya hoton ɗakin a kwamfuta, ko'ina shuɗi, ka ce shuɗi sanyi ke nan. Kowa ya yi maka addu'a. Ni aka ba riƙon ɗakin, na kuma yi ta alfahari da cewa bawana ne ya zana shi.

Bazarar farko ɗakin ya zama tanda. Jarirai suka feso da ƙurajen zafi, wasu su ƙi kama nono, masu jego su jiƙe sharkaf kamar an tsamo su daga rafi. Na kira ka na zazzage maka duk abin da ke bakina. Ka ce ba zai yiwu ba, lissafi bai nuna haka ba. Allah da ikonSa, a cikin makon nan Mufida ta sauka a ɗakin, ta haifi ɗanka Habibullahi, ka zo da rana tsaka ganin jariri. Ka tarar da kowace taga a rufe, an cusa tsumma a duk inda iska za ta iya ratsowa, ga kaskon garwashi a ƙarƙashin gado. Mahaifiyarka tana zaune a gefe da carbi.

"Hajiya, wa ya rufe tagogin nan?"

"Ni na rufe. Mai jego ce, so kake sanyi ya shige ta?"

"Hajiya, a bazara?"

"Sanyin jego ina ruwansa da bazara? Kai ma haka aka yi maka."

Ka durƙusa ka ce, "To, Hajiya." Ba ka taɓa ko taga ɗaya ba. Da muka fito gindin darbejiya sai ka ce min, "Yaya Saude, manhajar nan ta ɗauka duk wanda ya ji zafi zai buɗe taga. Ba ta san Hajiya ba. Ni da na san ta kuma ban sa ta a lissafi ba." Ranar ce kaɗai na ji ka kira ni Yaya ba don kana neman wani abu ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi cin raina. Na shiga yaƙi da tsofaffin gari. In buɗe taga, in juya baya, a rufe. In fitar da kasko, in je alwala, in dawo in tarar da shi. Ba mugunta suke yi ba, 'ya'yansu suke karewa da abin da suka gada, amma ni ce nake ganin jaririn da hayaƙi ya toshe wa ƙirji. Sai mata suka fara ja da baya. Wasu zafin ɗakin ya kore su, wasu kuma iyayensu suka ce Saude tana shanya masu jego a iska. Suka koma haihuwa a gida, ba a kirana sai jini ya ɓalle, lokacin da abin ya fi ƙarfina. Na ce maka ka zo ka cire ƙyauren tagogin gaba ɗaya, a bar ƙarfe da raga, in ga abin da za su rufe. Ka ƙi. Ka ce ranar da aka cire su, ranar ce tsohuwa ta ƙarshe za ta daina kawo 'yarta. Na ji haushinka sosai, domin na san gaskiya ka faɗa.

Daga nan ka kama wani aiki da ban ga ƙarshensa ba. Ka rataya 'yan ƙananan ma'aunan zafi a bangon ɗakin. Ka dinga kirana kana tambaya, "An rufe?" in ce, "An rufe." Ka shiga rubuta wa masu haɗa manhajar, mutanen da ba ka taɓa gani ba, a ƙasashen da ba a san wankan jego ba, kana tura musu awonka, kana ce musu akwai inda ake rufe taga saboda kunyar uwa da tsoron sanyi, akwai kuma inda fanka ke tsayawa domin an ɗauke wuta. Ka ce ba kai kaɗai ba ne, akwai irinka a wurare da yawa masu wannan kukan. Na ce ka yi ta yi, mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ni ban ga alamar romo ba. Shekaru suka wuce a haka, har ciwo ya zo ya zaunar da kai.

Kana cikin wankin ƙoda sabon zubin manhajar ya fito. Na je duba ka a Kano kafin azumi, na tarar ka rame, ƙafafunka sun kumbura, amma idonka yana walƙiya kamar na yaron da aka saya wa keke. Mufida ta ce likita ya hana ka kwamfutar, ka ɓoye ta ƙarƙashin bargo. Ko gaisuwa ba ka bari mun gama ba ka jawo ta. Ka nuna min cewa yanzu ana iya faɗa wa manhajar halin mutanen da za su zauna a ɗaki, yaushe suke rufe taga da abin da ke sa su rufe. Ana iya ce mata an ɗauke wuta tun safe, ta sake lissafi babu fanka. Ta koyi yadda bangon ƙasa ke shanye zafin rana ya riƙe shi, ta koyi inuwar bishiya tun tana dashe har ta girma. Har zafin shekaru masu zuwa tana iya kintatawa, wanda ka ce gara kada ka nuna min, na gaji haka nan. Ni dai rabin abin na gane. Abin da ya tsaya min a rai shi ne wani layi a gefen allon, inda ake ba wa halin mazauna ɗaki suna. Ka rubuta Hajiya. Ka danna shi, duk tagogin da ke hoton suka rufe, ɗakin ya koma ja wur.

"Ga ɗakinki nan," ka ce. "Yanzu ta daina yi min ƙarya."

Sai ka nuna min gyaran. Ba ka taɓa tagogin ba, ka bar wa tsofaffi abinsu. Ka ɗaga rufin sama, ka sa wasu ƙananan kafofi can ƙarƙashin kwano, da raga, babu murfi, inda hannu ba ya kaiwa, iska mai zafi ta fice ta sama ba tare da ta bugi mai jego ba. Bangon yamma ka ninka shi da tubali. Ka sake danna Hajiya, tagogi suka rufe, babu wuta, amma ja ya ragu ya koma abin da mutum zai iya zama a ciki. Na tambaye ka kasko fa? Ka ce wannan babu zanen da zai magance shi, yaƙina ne har yanzu. Ba ka taɓa yi min alkawarin abin da ba ka gani ba, tun bayan na farkon nan.

Dattawan ƙungiya ba su karɓi sabon zanen ba. Shugabansu, Alhaji Abdulganiyyu, mutumin kirki ne, ban ga laifinsa ba. Ya ce kwamfutar nan ta taɓa nuna musu shuɗi, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Wasu suka ce mayar da tubali jikin ginin bulo ci baya ne, maƙwabtanmu mutanen Unguwar Gai za su yi mana dariya. Wasu suka ce tsofaffi ba za su yarda da ramuka a saman ɗakin jego ba, a ƙara fanka kawai a huta. Aka ɗage maganar zuwa bayan Sallah, ka zo da kanka ka yi bayani. Bayan Sallah kuwa ka zo, amma a makara.

Ranar addu'ar uku na shiga ɗakin Hajiya. Tagarta a rufe, kamar kullum. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba tun ranar Laraba. Ta ce in zauna, ta ce ta ji ana cewa ka ƙarasa kwanakinka a kan aikin ɗakina, ta tambaye ni ko ka tafi kana jin haushinta a kan tagogin nan. Ashe abin yana ranta duk shekarun nan. Na faɗa mata abin da na gani a asibiti, da layin da ka sa wa sunanta, da yadda ka sake ginin gaba ɗaya don kada a ce mata ta buɗe. Ta ci gaba da jan carbinta. Na ɗauka ba ta gane ba.

Can aka yi sallama, Alhaji Abdulganiyyu ya shigo yi mata gaisuwa, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ta amsa, ta bari ya gama addu'arsa, sannan ta ce, "Alhaji, ku yi wa yaron nan gininsa yadda ya zana. Ni dai taga zan rufe, yau da gobe, ba zan fasa ba, kuma sauran tsofaffi ma haka. Bai taɓa ce min in daina ba. Da ni a ciki ya yi lissafinsa. Ramukan saman nan kuwa, duk wadda ta ce ba ta yarda ba a turo min ita." Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "An gama, Hajiya." A nan muryarta ta karye, ta yi kukan da ta riƙe kwana uku, muka taya ta.

Makon jiya aka yaye kwanon. Magina suna ta buga tubali a bayan ɗakin, ni kuma ina karɓar haihuwa a wani ajin makaranta da aka ara mana. Ban sani ba ko lissafinka zai fita daidai wannan karon, kai ma da kana nan cewa za ka yi a jira bazara mai zuwa a auna. Zan rataya ma'aunanka inda ka saba rataya su. Babu dai mai kirana ya tambaya ko an rufe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo Hajiya Ramlatu, da Mufida wadda ta yi jinya ba ta taɓa ƙosawa ba, da 'ya'yanka Hidaya da Habibullahi, da dukkan mutanen Fassi da ƙasar Kibiya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya marayun nan bisa tafarkin da ka so musu. Ubaidu, bawana, na 'yanta ka. Allah Ya gafarta maka, Ya sa jinyarka ta zama kaffara, Ya sa kowace mace da za ta sauka lafiya a ɗakin nan ta zama nauyi a mizaninka. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya shi, Ya buɗe maka taga zuwa Aljanna wadda babu mai rufe ta. Amin.